Fadar Sarki Akbar a bayan gilashi

Shekaranjiya na sauka Kano daga Landan, har yanzu sanyin garin bai fita daga ƙashina ba. Bikin kammala karatun 'yar yayata ne ya kai ni, amma tun da na dawo labarin gidan tarihin Victoria and Albert nake ta ba mutane. Ita ta matsa mu je. Na ce, "Ke 'yar nan, nawa ne kuɗin shiga?" Ta ce, "Kawu, kyauta ne." Na yi mamaki, don da safen nan na biya fam 3 kuɗin shayi a bakin tasha, ruwan zafi da ganye kawai, mai sayarwar ko gaisuwata bai amsa ba.

A ɗakin kayan Indiya na tsaya cak gaban shafukan Akbarnama, tarihin Sarki Akbar na daular Mughal da Abul Fazl ya rubuta da Farisanci. Gidan yana da zane 116 na littafin, aikin wajajen 1590, sai dai kaɗan-kaɗan ake fito da su saboda haske yana cinye launi. Shafin bai kai allon babban almajiri ba, amma fada guda ce a ciki. Ga sarki a karaga, fadawa kowa a matsayinsa, ga masu tambari, ga masu busa wani abu sak kakaki, a ƙofa kuma wani da sanda yana korar 'yan cinkoso. Na ce wallahi wannan dogarin na san shi a Ƙofar Kudu!

Na matsa har numfashina ya ɓata gilashin. Gemun kowane bafade an ja shi gashi ɗaya-ɗaya, da alƙalamin gashin kurege. A ƙasan shafi an rubuta sunayen masu aikin da jar tawada, wanda ya fitar da zane daban, wanda ya sa launi daban. Da yawansu ma Hindu ne, irin su Basawan. Mu nan wa ya san sunan wanda ya ɗinka alkyabbar sarki?

Kafet ɗin Ardabil na Iran kuwa sai da muka jira, minti 10 kawai ake kunna masa fitila duk rabin awa.  Katin hoton Akbar a kan giwa da na sayo, Hajiya ta karɓe ta jefa a jakarta.