Sabis, data da shagon cikin gem: lissafin ɗan gem a Bauchi

Duk wanda ya zauna kusa da samarin da ke buga Free Fire ko Call of Duty Mobile da yamma a Yelwa ko Gwallameji ya san maganar da ta fi yawa a bakinsu: "Wallahi sabis ne ya kashe ni." Sau da yawa gaskiya suka faɗa. Inda ake kuskure shi ne wajen neman magani. Yaro zai tattara ɗan abin da ya samu ya sayi data mai yawa, yana zaton giga goma ta fi giga ɗaya gudu, ya koma fili a sake harbe shi tun bai ga mai harbin ba. Cika tankin babur ba ya gyara ramukan hanya.

Abin da gem na kai-tsaye yake so daga sabis kaɗan ne, amma yana son sa a kan lokaci. Kowane motsi ka yi, wayarka tana aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa uwar garken wasan, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da shi, ita kuma ta dawo da amsa. Tsawon wannan zuwa da dawowa shi ne lambar da ke kusurwar allo, wadda 'yan gem ke kira fing, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan tana ƙasa da 80, wasa zai tafi sumul. Daga 100 zuwa 150 ana iya bugawa in hannu ya saba. Da ta haura 200, abokin karawarka ya riga ka ganin komai.

Akwai ɓangaren wannan lamba da babu kuɗin da zai rage shi, domin nisa ne. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, don haka kowane kilomita 1,000 yana ƙara kimanin milisakan 10 zuwa da dawowa. Saƙon da ya tashi daga Wunti sai ya fara gangarawa Legas, inda yawancin wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000 tsakanin Legas da Fotugal. Ga milisakan 80 nan tun ba a isa tsakiyar Turai ba, tun ba a sa jinkirin da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis ba. Shi ya sa wanda ke Bauchi yana buga wasa a uwar garken Turai ba zai ga 40 ba ko da 5G yake riƙe da shi. Kowa ya ɗanɗana wannan a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, ACE da SAT-3 suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, aka riƙa zagayawa da saƙonni ta doguwar hanya. Wasu wasannin sun fara kafa uwar garke a Afirka, don haka ka buɗe jerin yankunan da ke cikin wasan ka zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Ka duba sosai kafin ka danna, domin akwai wasan da ba zai bari ka sake canzawa ba sai bayan kwanaki.

Abin da ke hannunka shi ne tsalle-tsallen lambar. Fing da ya tsaya cak a 140 ya fi wanda ke yawo tsakanin 60 da 300, domin kwakwalwa tana sabawa da jinkirin da bai canzawa. Tsallen yana da sanadi, kuma mafi yawansu ana iya gano su.

Na farko cunkoso. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da unguwa, kuma daga bayan Magariba zuwa wajen sha ɗayan dare kowa yana kan TikTok da kiran bidiyo. A unguwannin ɗalibai abin ya fi tsanani idan makaranta tana ciki. Sandunan sabis za su cika fal a saman allo amma wasa yana tsinkewa, saboda sandunan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna yawan masu rububin ta. Gwajin mai sauƙi ne: ka shiga wasa da layin MTN, Airtel ko Glo da kake da shi, a ɗaki ɗaya, da asuba da kuma ƙarfe tara na dare, ka rubuta lambar da ka gani. Layin da ya yi kyau a Fadamar Mada yana iya zama abin takaici a Gubi, balle a Azare ko Misau, don haka shawarar aboki ba ta wadatar.

Sai raunin sigina. A saitin Android, ƙarƙashin bayanan waya, wajen matsayin SIM, akwai lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. A kan 4G, -80 zuwa -90 yana da kyau, -100 da dama-dama, -110 zuwa ƙasa kuwa waya za ta fara faɗawa 3G tana dawowa, kuma kowace faɗawa tsinkewa ce. Rufin kwano da kaurin bango suna cin sigina, matsawa bakin taga ko tsakar gida kan canza lambar sosai. A wayoyi da yawa danna *#*#4636#*#* yana buɗe wurin da za a ɗaure waya a kan LTE, wato 4G, kaɗai. Yana taimakawa, amma idan layinka ba ya kira ta kan 4G, kira ba zai shigo ba har sai ka mayar da saitin yadda yake. Kiran ma kansa matsala ne: a waya mai layi biyu, da zarar an kira ɗaya layin, data takan tsaya har a gama.

Na uku wayarka ce da kanta. WhatsApp yana sauke bidiyon guruf, Google Photos yana ɗora hotuna, ƙanenka yana kallon YouTube ta hosfot ɗinka. Saƙon wasan ɗan mitsitsi ne, sai ya bi layi a bayan waɗannan manyan kaya. A kashe su kafin a shiga fili.

Wani lokaci kuma sabis bai yi laifin komai ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, waya tana rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Yadda za ka bambance: idan hoto yana sarƙewa amma fing yana nan ƙasa bai hau ba, zafi ne ko ƙarancin ƙwaƙwalwar waya. A cire rigar waya, a sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa, a daina wasa tana jikin caji. Tecno ko itel mai RAM giga 2 ko 3 za ta ɗauki Free Fire na asali, amma a ɗora mata Free Fire MAX zalunci ne.

Game da cin data, wasan kansa ba shi da ci. Awa ɗaya a fili yawanci megabait gommai ne, ya ɗan ƙaru idan ana hira da murya. Kada ka yarda da ni, ka auna: danna *323# ka ga ragowar datarka, ka buga awa ɗaya, ka sake dannawa. Abin da ke lamushe data shi ne sabuntawa. PUBG Mobile da Call of Duty Mobile suna fitar da sabon zubi a kai a kai, bayan na Play Store kuma akwai taswirori, muryoyi da kayan ado da ake saukewa a cikin wasan, jimillarsu takan kai gigogi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya zama abin lissafi. A hana Play Store sabunta manhajoji ta data. A shiga wurin saukar da kaya a cikin wasan a zaɓi taswirar da ake bugawa kawai. Babbar sabuntawa a bar ta sai an samu waifai ko an sayi datar dare ta *312#, a tabbatar akwai caji da isasshen wuri a waya, domin idan ta katse a tsakiya wani lokaci daga farko ake komawa. Datar da aka ware wa WhatsApp da Facebook ba ta buɗe gem, kuma idan babbar datar ta ƙare, wasu layukan sai su koma cin kuɗin kati kai-tsaye.

To, duk wannan ƙaramin alhaki ne idan aka zo shagon cikin gem. A nan ne kuɗi ke zurarewa da gaske, kuma an tsara shi ne da ilimi.

Matakin farko shi ne raba ka da naira. Ba a sayar maka da riga ko bindiga da kuɗin da ka sani. Sai ka fara sayen kuɗin wasan: daimon a Free Fire, UC a PUBG Mobile, CP a Call of Duty Mobile, tsabar zinare a eFootball. Da zarar ka ga "400" a ƙarƙashin kaya, zuciya ba ta jin nauyinsa yadda za ta ji naira dubu goma. Maganin wannan shi ne ka san farashin ƙwaya ɗaya. A farashin dala da aka saba gani a PUBG Mobile, UC 60 na kan dala 0.99, UC 325 dala 4.99, UC 660 dala 9.99, UC 8,100 kuma dala 99.99. Mu ɗauka dala tana naira 1,500. Ƙaramin ƙunshin ya kama kusan naira 25 kowane UC, na 660 kusan naira 23, babban kuwa ƙasa da naira 19. Wato mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke saye kaɗan-kaɗan, shi ke biyan tsada. Farashin da za ka gani a wayarka yana iya bambanta, amma lissafin ɗaya ne: raba nairar da aka cire da adadin da aka ba ka, ka riƙe lambar a ka.

Sannan ka lura ƙunshin ba ya dacewa da farashin kaya. A ce abin da kake so UC 400 ne. Na 325 bai kai ba, sai ka ƙara na 60 sau biyu ko ka haura na 660. Idan ka haura, 260 ya rage, bai isa sayen wani abin kirki ba, kuma ba a mayar da shi naira. Ragowar nan ita ce ƙugiyar da za ta dawo da kai mako mai zuwa.

Tikitin kaka, wanda PUBG ke kira Royale Pass, Call of Duty ke kira Battle Pass, shi ne mafi adalci a cikin tsare-tsaren, a ganina, domin ka san abin da ka biya kuma kana ganin duk abin da za ka samu. Sharaɗinsa lokaci ne. Kyaututtukan suna buɗewa ne gwargwadon wasan da ka buga kafin kakar ta ƙare, don haka ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ko mai tsaron shago a kasuwar Muda Lawal ya fara duba kwanakin da suka rage. Haka rajistar mako ko wata ta Free Fire: daimon ɗin ya fi araha, amma kullum ake karɓar wani kaso, sai ka riƙa shiga.

Wanda nake jin tsoro wa yaranmu shi ne akwatin sa'a da juyin sa'a. A juyin Call of Duty Mobile ana jera kaya goma, juyin farko da araha ƙwarai, kowane juyi ya cire abu ɗaya ya kuma ɗaga farashin na gaba. Bindigar da aka yi tallar da ita tana da mafi ƙanƙantar damar fitowa da wuri, yawanci sai can ƙarshe, lokacin da jimillar ta kai dubban CP. Wanda ya yi juyi shida yana ganin tsayawa asara ce, alhali juyi huɗun da suka rage sun fi shidan farko tsada nesa ba kusa ba. Apple tun 2017, Google Play tun 2019, sun wajabta wa masu wasanni bayyana yiwuwar fitowar kowane kaya, akwai ɗan maɓalli a gefen akwatin da ke nuna kason. A karanta shi. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Mu ma a nan, biyan kuɗi kan abin da ba ka san me zai fito ba magana ce da ta cancanci a kai wa malamai, iyaye kuma su san tana cikin wayar 'ya'yansu.

A bambance kayan ado da kayan ƙarfi. Fentin bindiga a PUBG Mobile ba ya ƙara mata harbi. A eFootball da FC Mobile kuwa ɗan wasan da aka samu da kuɗi yana canza sakamako, kuma bayan 'yan watanni za a fito da wanda ya fi shi.

Wajen biya, tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin komai na dala ya ninka, don haka neman sauƙi ba laifi ba ne. Google da Apple suna yankar kasonsu, wanda kan kai kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa shagunan intanet da masu wasan suka amince da su, irin Midasbuy na PUBG, kan ba da ƙari a kan kuɗi ɗaya. Alamar halastaccen mai sayarwa ita ce lambar ɗan wasa kawai yake nema. Duk wanda ya ce a guruf ka turo kalmar sirrin Facebook ko Gmail ɗinka zai zuba maka daimon a rabin farashi, ko dai asusun yake so, ko da katin sata zai saya, kuma idan mai katin ya kai ƙara asusunka za a rufe.

Idan akwai katin banki a jikin Play Store, musamman a wayar da yara ke ɗauka, a shiga saitinsa a kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kan kowane saye. Idan an riga an cire kuɗi bisa kuskure, Google yana karɓar buƙatar mayarwa cikin awa 48, cirewar da ba da izininka aka yi ba kuma ana iya kai rahotonta cikin kwana 120. Kada a taɓa daimon ko UC ɗin kafin a nemi mayarwar, domin idan an kashe su aka kuma karɓi kuɗin, kamfanin wasan kan bi asusun bashi ko ya dakatar da shi.