In Burukutu Ya Ƙi Tashi da Hunturu

A gidanmu da ke wajen Jos, dafa burukutu aikin mata ne, kuma a hannun goggona na koya. Ba na sayarwa muke yi ba, na biki ne da na gayya. Babu abin da ke tayar wa mai dafawa hankali kamar tukunyar da ta yi shiru: an zuba iri, wato abin da ke tayar da giyar, da yamma, gari ya waye babu kumfa, ka kara kunne a bakin randa ba ka jin wannan 'yar ƙara ta tsitt-tsitt. Haka ta faru da ni a wani Disamba, ana shirin auren ƙanena, dawa ta riga ta tafi, itace ya ƙone, baƙi kuma suna hanya.

Da na kira Goggo, ba ta ko leƙa randar ba. Ludayi ta miƙo mini ta ce, "'Yata, ɗanɗana ki faɗa mini abin da kika ji." Na kurɓa, na ce zaƙi ne kamar kunu, da ɗan tsami a bayansa. Ta ce, "To ba ta mutu ba, ɗari take ji."

Daga baya na gane dalilin da ya sa ta fara da harshe. Giya ba ta samuwa sai yis, wato mai ran da ke cikin irin, ya cinye sukarin da ke cikin ruwan, ya fitar da barasa da iskar da ke yin kumfa. In akwai zaƙi amma babu motsi, abinci na nan, mai ci ne bai tashi ba. In kuwa ruwan salam yake, to tun farko ba a samar da sukarin ba, ko irin duniya za ka zuba ba abin da zai yi.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma da dare a Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Shi kuwa yis ya fi walwala tsakanin digiri 20 zuwa 30. Sanyi ba ya kashe shi, kwantar da shi yake yi. Randar tana zaune a kan siminti kusa da ƙofa, iska na busa ta duk dare. Muka kama ta mu biyu muka kai madafa, muka ɗora a kan buhunan dusa nesa kaɗan da murhu, muka naɗe ta da tsohon bargo. Goggo ta ɗebi kamar ƙwarya biyu ta ɗumama, ta gwada da bayan hannu har ya yi daidai da ruwan wankan jariri, ta mayar, ta sa muciya ta tayar da abin da ya kwanta a ƙasa. Kafin la'asar kumfa ta fara zagaye gefen randar, fara-fara, tana fashewa tana dawowa.

Zafi ya fi sanyi haɗari. Mai sauri kan zuba iri ruwan bai gama hucewa ba, kuma da zarar ya haura digiri 50 yis ya fara mutuwa. Babbar tukunya tana yaudara, sama ya huce amma ƙasa na riƙe da wuta, shi ya sa nake juyawa sosai kafin in tsoma hannu. In haka ta faru babu bargon da zai taimaka. Sai a bari ya huce, a nemo sabon iri a gidan da giyarsu ke kan tashi. Ban yarda da irin da ya daɗe a ajiye ba tare da an gwada shi ba: a dama shi da ɗan ruwan mai zaƙi a ƙaramar ƙwarya, a ajiye wuri mai ɗumi. In bai yi kumfa a ƙwarya ba, ba zai yi a randa ba.

Matsalar da ta fi ba ni tausayi ita ce ta tsiro, don a nan ne ake asarar wahalar mako guda. Dawar da ta tsufa a rumbu ba ta tsira da kyau, shi ya sa nake jiƙa ɗan kaɗan in gani kafin in sayi mudu da yawa. A lokacin tsirar ne ƙwayar ke samar da sinadarin da ke mayar da gari sukari, kuma tafasa na lalata wannan sinadarin, alhali garin dawa ba ya sakin jiki sai ya dahu. Iyayenmu sun warware wannan tun kafin a zo da ma'aunin zafi. Ana dama garin tsiron da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa shi kaɗai, sai ya sha iska sannan a mayar masa da ruwan. Wadda ta dafa su tare, ko ta haɗa su tukunya na tafasa, kunu mai kauri za ta samu wanda ba shi da zaƙi. Akwai ceto in an lura da wuri: a ɗumama shi, a zuba ɗanyen garin tsiro mai kyau, a rufe na 'yan sa'o'i har zaƙi ya fito, a sake tafasawa, a huce, sannan a sa iri.

Tsami kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake so, na kwanan da ake bari kafin tafasa ta ƙarshe, shi ke ba burukutu ɗanɗanonsa. Akwai kuma mai yaji a hanci, wanda ke zuwa in randa ta daɗe a buɗe, ƙwayoyin da ke son iska suka mayar da barasar ruwan tsami. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ƙara sukari don ɓoye shi cutar masu sha ne. Sai a zubar, a wanke randar da tafasasshen ruwa, a kife ta a rana kafin a sake ɗora wata.