Katakon da ya fito daga cikin jirgin ruwa

A Legas duk katakon da ya yi duhu ya yi nauyi, sunansa eboni a bakin mai sayarwa. Wani ma malaina zai samo, ya rina ta baƙi, ya shafe da man takalmi, ya rantse maka daga Kamaru ta zo. Mu da ke jujjuya katako a inji, muna fitar da carbi da kan sanda da akushi da ƙotar wuƙa, ba ma sayen suna. Aska ce ke haɗuwa da itacen, kuma ita ba a yi mata ƙarya.

Kwanan baya wani yaronmu ɗan gwangwan da ke harka wajen Apapa ya shigo shagona a Agege da guntayen katako a buhu, duk baƙin mai da tsatsa. Ya ce, "Baba, a tsohon jirgin ruwa da ake yankawa aka ciro su, daga bututun da sandar farfela ke juyawa. Na ce ko za su yi maka amfani."

Abin da na fara yi shi ne jefa ɗaya a bokiti. Ya nutse har ƙasa. Wannan ya fitar da loko da maɗaci da tik, don busassunsu duk suna tasowa. Ekki na kurmin kudu yana nutsewa, shi ya sa na fara zarginsa, tunda da shi ake gadoji da matsayar jiragen ruwa. Amma ekki ja ne mai duhu, kuma in ka yanke shi za ka ga farin abu cike da ƙofofinsa, wato 'yan ramukan da ke jikin katako. Na share kan wannan da reza na duba da gilashi: ƙofofin ƙanana ne ƙwarai, babu fari ko ɗigo.

Sai hanci. Kawuna da ya koya min aiki a Zariya, tun muna sassaƙa turmin kirya da gizago, ba ya yanke hukunci kan itace sai ya kankare shi ya shinshina. Yakan ce, "Kai yaro, ido na ruɗuwa da launi." Lokacin dariya abin yake ba mu. Yau ko a duhu aka miƙo min madobiya zan gane ta.

Da na ɗaura guntun a inji, aska ta ɗumama shi, sai ƙamshi ya tashi kamar an kunna turaren wuta. Ɓawon da ke fita ba ƙura ba ce, yana da maiƙo, yana manne wa yatsa. Na ajiye shi bakin taga, launin ƙasa-ƙasan nan ya riƙa komawa kore. Nan magana ta ƙare: lignum vitae ne, itacen tsibiran Karebiya da yankin tsakiyar nahiyar Amurka. Nauyinsa ya kai kilo 1,260 a kowane guntu mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, inda ruwa ke da 1,000. Man da ke jikinsa ne ya sa maƙeran jirgi suka daɗe suna shimfiɗa shi a bututun farfela, yana shafa wa kansa mai a cikin ruwa. Akwai ɗan'uwansa na Ajantina da Paraguwe mai irin ƙamshin da korewar, sai dai ƙofofin wancan a jere suke layi-layi, na wannan kuwa a warwatse.

Aikinsa sai haƙuri. Zarensa a sarƙe yake, in ka matsa masa da dakusasshiyar aska sai ya ɓantare, gam kuma ba ya kama shi sai an goge man. Amma in ka bi shi sannu, ka gama da samfefa mai laushi, ƙyallinsa daga jikinsa yake fitowa, ba ya neman fenti.

Sabonsa ba ya ƙetare iyaka sai da takardar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kamar yadda madobiyarmu ta shiga wannan ƙa'ida a 2017, don haka tsofaffin guntaye irin waɗannan nake nema. Carbi na fitar da su, mai 99 da mai 33. Wani Alhaji ya juya ɗaya a hannu ya ce a bakin masallaci ana ba shi irinsa a rabin kuɗin. Na ce, "Alhaji, kawo naka mu jefa su ruwa tare." Bai kawo ba, amma ya biya. Masu 33 ne suka rage a shago.