Talata: kalma ɗaya ta hana ni sakat

Ba wuta tun asuba. Sai wajen sha ɗaya aka kawo, na buɗe daftarin da Auta ya turo kan Spirited Away, fim ɗin katun na ƙasar Japan, wanda yake son ɗorawa a Wikipedia ta Hausa.

Gyaran farko bai ci mini lokaci ba. Ya ce fim ɗin ya ci Oscar a 2002, alhali a bikin Maris 2003 aka ba shi. Ta 2002 ita ce babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin, kuma raba ta aka yi da wani fim, dole a faɗi hakan. Ya ce Disney suka yi shi. Kamfanin Studio Ghibli na Japan ne, Hayao Miyazaki ya rubuta ya kuma ba da umarni, aka fara nuna shi a Japan ranar 20 ga Yuli 2001. Disney dai sun kai shi Amurka da muryoyin Turanci a 2002. Batun wai babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a Japan kuwa ya tsufa, tun Disamba 2020 aka sha gabansa. Duk jimlar da ke ɗauke da shekara ko kuɗi na sa mata alama, sai ta zo da madogara, jarida ko littafi, ban da shafin bayanan fina-finai na IMDb inda kowa ke iya sa hannu.

Sashen labari ya haura kalma 1,000. Fim na minti 125, ma'aunin da ake bi a Wikipedia ta Turanci kalma 400 zuwa 700 ne, mu ma ya ishe mu. Fosta kuma a cire, akwai haƙƙin mallaka a kanta, Commons, rumbun hotunan Wikipedia, ba ta karɓa.

Sai kalmar nan. Duk inda Japanawa suka ce kami, Auta ya rubuta aljanu. Na kira shi.

"Yaya, to me za a ce musu? Yarinya ta faɗa gidan wankansu, iyayenta sun koma aladu, an ƙwace mata suna. Ai aljanu ne."

Na ce masa, Auta, aljani a kunnen Bahaushe halitta ce daga wuta, wadda ake neman tsari da sharrinta. Kami a addinin Shinto na Japanawa na iya zama na kogi, na dutse, na bishiya, ana girmama shi, ana gina masa wurin ziyara. Haku, yaron da ke taimaka wa yarinyar a fim ɗin, shi kansa kami na kogi ne, kogin da aka cike aka yi gine-gine a kai, shi ya sa ya rasa hanyar gida. Ka kira shi aljani, tausayin da ke cikin labarin ya tafi. Iskoki zai ja mai karatu zuwa bori. Alloli ya yi nauyi, wasu daga nan za su rufe shafin. A bar kami yadda yake, a bayyana shi da jimla ɗaya a farkon fitowarsa, da madogara.

Ya yi shiru, can ya ce, "Amma sunan fim ɗin da Japananci fa? Kamikakushi, kami sun ɓoye mutum. Ba haka Kaka take cewa ba idan yaro ya ɓace a daji, aljanu sun ɗauke shi?"

Gaskiyarsa. Kamar da ke tsakaninsu ta fi yadda na so. Sai dai ba mu da izinin rubuta wannan kwatancin a kundin ilimi in ba wani masani ya riga ya wallafa shi ba, nazarin kanmu zai zama. Na ba shi kwana bakwai ya gyara sauran.

Tuwo da miyar kuka da dare, ban ci da yawa ba. Wuta ta sake tafiya. Har yanzu ban rubuta jimlar bayanin kami ɗin ba, sau huɗu ina farawa ina gogewa.