Yadda na gyara ƙaramin otojairona bayan ya kife sau uku

Da sanyin safiya ne, lokacin hunturu, a filin ƙwallon bayan unguwarmu. Na saki ɗan jirgina, otojairo da ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, tun farfelar sama ba ta ɗauki gudu ba, ya ɗan ɗaga, sai ya kife ta hagu. Fiffike ɗaya cikin uku ya karye, farantin faiba da ke riƙe da su kuma ya tsage.

Duk wanda ya gan shi a hannuna cewa yake helikwafta ne, amma akwai bambanci. Farfelar saman otojairo ba ta da inji ko kaɗan. Moton da ke gaba ne ke jan jirgin, iskar da ke ratsowa ta ƙasa ita ke juya fuka-fukan, juyawar nan kuma ita ke ɗaga shi.

Da na zo gyara sai na ce tun da faiba ya tsage, bari in sa abin da ya fi shi ƙarfi. Na yanko alminiyam mai kaurin milimita 2 na ɗaure fuka-fukan tam. Sau biyu ina gwadawa, sau biyu yana kifewa ta hagu, har ma ya fi na farko muni. Raina ya ɓaci sosai, domin na yi kwana biyar a kan aikin.

Sai da na koma tarihin jirgin na gane. Juan de la Cierva, injiniyan Sifaniya da ya ƙirƙiro shi, ya sha irin wannan wahala da jiragensa uku na farko. Idan jirgi na tafiya, fiffiken da ke juyowa gaba ya fi mai komawa baya samun iska, don haka gefe ɗaya ya fi ɗagawa. Nawa saɓanin hannun agogo yake juyawa in an duba ta sama, shi ya sa dama ke tashi, hagu ke nutsewa. Cierva ya magance abin ne da ya sa wa kowane fiffike mahaɗa mai motsi a gindi, yadda zai iya yin sama da ƙasa da kansa, kuma jirginsa na huɗu, C.4, ya tashi a Janairun 1923 kusa da Madrid. Ashe lanƙwasar da nake ganin rauni ce a farantin faiba, ita ce ke yin aikin wannan mahaɗa. Ni da hannuna na kashe ta.

Na koma faiba mai kaurin milimita 0.8. Sababbin fuka-fukai na yi su da katakon balsa, wani katako marar nauyi, na liƙa katako mai tauri a gaban kowanne don nauyin ya rinjaya gaba. Na auna su a ƙaramin sikeli, wanda ya gaza na ƙara masa salatif a ƙarshe har suka zo ɗaya. Wannan aiki na son haƙuri, amma in ba a yi shi ba jirgin karkarwa zai riƙa yi.

Sannan na yanka tsohon katin roba na cusa a ƙarƙashin bayan kowane fiffike don gabansa ya ɗan sunkuya. Farfela ta riƙa ɗaukar gudu nan da nan, sai dai ɗagawa ta ragu, sai da na goge katin ya koma rabin kaurinsa. Na rataye jirgin ta sandar farfela, na yi ta tura batir gaba har hancin ya sunkuya kamar digiri 15. Sarbo biyun, wato ƙananan motocin da ke karkata kan farfela, na canza su da masu haƙoran ƙarfe, boris kuwa na wanke shi, don ƙurar hunturu ta cika shi. Wutsiyar ma na shafa mata jan fenti a gefe ɗaya, saboda in ya yi nisa da wuya ka san inda ya fuskanta.

Ranar gwaji na fuskanci iska, na murza farfelar da hannu, na ɗaga hancin ina tafiya a hankali. Ban sake shi ba sai da na ji fuka-fukan na shuu kuma jirgin na fizgar hannuna zuwa sama. Ya tafi sak. Bayan minti biyar na rage wuta, ya sauko a tsanake kamar shirwa, ya dira a gabana ko taku biyu bai gangara ba.