Ƙudan Zuma da Kuɗin Mai Kankana

Masara da dawa da gero iska ce ke yi musu barbara, wato kai garin fure daga namijin fure zuwa macen, shi ya sa manoman hatsi ba su cika damuwa da ƙudan zuma ba. Amma mai noman rani a fadamar Galma ko wajen Shika a yankin Zariya, wanda ya zuba kuɗinsa a kankana, kabewa, gurji ko agushi, ribarsa tana ƙafar ƙwaro.

Duba yaɗon kankana da kyau. Fure iri biyu ne a jikinsa. Namijin tsirara yake a kan siririn tsinke, macen kuwa tana da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama kankanar. Furen mace yini ɗaya tak yake buɗewa, da safe, kuma garin fure yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Sai ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau 8 kafin garin ya wadaci ko'ina. Idan ya gaza, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, ko kankanar ta fito a karkace, gefe ɗaya a tsotse. Dillali a kasuwa ba zai saye ta da daraja ba, manomi kuma ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

Ba ƙaramar dukiya ba ce. Rahoton IPBES (kwamitin ƙasa da ƙasa mai nazarin halittu da muhalli) na 2016 ya ƙiyasta cewa amfanin gonar da ya dogara da masu barbara ya kai dala biliyan 235 zuwa 577 a shekara a duniya. A Amurka har hayar amya ake biyan masu kiwon zuma.

Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne feshin safe. Maganin ƙwari irin su Karate yana kashe ƙudan nan take, kuma da hantsi ne suke cike da gona. A mayar da feshi bayan la'asar sakaliya, lokacin da furen ya rufe, kuma kada a yi idan iska tana kaɗawa wajen amya. Amya 2 zuwa 3 sun isa hekta ɗaya, a kafa su a inuwa da zarar fure ya fara, da kwanon ruwa mai tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Ƙananan ƙudajen daji marasa harbi ma suna aiki sosai, a kogon itace da ramin ƙasa suke zama. Ƙona ciyawar bakin gona da sare tsofaffin itatuwa yana tashinsu, haka ma cire zuma da wuta tsirara maimakon hayaƙi.