Shekaruna ina koya wa kwamfuta gane kalaman ƙiyayya

Da na fara wannan bincike a jami'a, dabarar da aka fi yayi ita ce a tara jerin kalmomin zagi a ba kwamfuta, duk saƙon da ta ga ɗaya a ciki ta kama shi. Aikin Thomas Davidson da abokansa na 2017, a kan saƙonnin Twitter kusan 25,000, ya nuna inda gizo ke saƙar: ashar daban, ƙiyayya daban. Aboki kan ɗura wa aboki ashar cikin raha, wani kuma ya ci mutuncin al'umma guda ba tare da ya furta kalmar banza ko ɗaya ba.

Mafi yawan lokacina ba wajen manhaja ya tafi ba, wajen masu tantance saƙonni ya tafi. Mukan ba mutum uku saƙo ɗaya kowa ya yanke hukunci. Akwai wani saƙo da ke cewa kawai "ai mun san irinsu", a ƙarƙashin labarin wata sata. Ɗaya ta ce habaici ne ga wata ƙabila, na biyu ya ce ɓarayi ake nufi, na uku ya ce sai ya ga abin da ya gabata. Al'adar fagen ita ce a bi rinjaye a wuce. Ni na daina, domin sau tari wadda aka rinjaya ita ce 'yar al'ummar da ake jifa, ita ta fi kowa jin inda maganar ta dosa. Yanzu hukuncin kowa nake ajiyewa.

Na'ura kuwa son zuciyar masu koya mata take gada. A 2019 Maarten Sap da abokansa suka gano cewa irin waɗannan manhajoji sun fi ɗora wa Turancin baƙaƙen fatar Amurka laifin cin zarafi.

Karanta ƙazamar magana wuni guda yana taɓa mutum, shi ya sa nake taƙaita wa ɗalibaina sa'o'in aikin, ko da takarda za ta makara.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne samun saƙonnin. Twitter ta rufe ƙofar da masu bincike ke ɗiba kyauta a 2023, Meta, mai Facebook, ta kashe CrowdTangle, manhajar bibiyar saƙonnin shafukanta, a Agustan 2024. Ɗalibin da ya zo mini da batun digirinsa a yau, tambayata ta farko ita ce ina zai samo bayanan.